Canza fulogi da wayoyinsa a Mazda MX-5 ta 1995 a gida: me ya kamata in kiyaye?

Mai Miata, Kano

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da Mazda MX-5 ƙirar 1995, mai injin lita 1.8 da giyar hannu, irin wadda aka sayar a Amurka da sunan Miata, kuma ta Kwatano ta shigo ƙasar nan. Tun da damina ta kankama ta soma wani hali da yake damuna. Idan ina tafiya a giya ta huɗu ko ta biyar a hankali, sai na taka totur domin in wuce wata mota, sai injin ya yi ta fizga yana tsinkewa, amma da zarar ya ɗauki gudu sosai sai abin ya lafa. A sulo ba ta cika yin haka ba, sai dai da safe idan an kwana ana ruwa, nan kam har a tsaye takan ɗan girgiza kafin ta yi zafi. Fetur ma na lura tana sha fiye da yadda ta saba.

Na buɗe bonet na zaro wayar fulogi ta uku da ta huɗu domin in duba, sai na tarar da baƙin mai ya jiƙa robar bakinsu, kuma da na haska fitila cikin ramin na ga man ya kwanta a gindin fulogin. Wayoyin kansu sun bushe sun yi tauri, kuma babu wata takarda da ke nuna yaushe aka canza su.

Ina so in yi wannan aiki da hannuna a gida, domin motar ba irin wadda ake yawan gani a garejinmu ba ce, kuma ina son in san cikinta da kaina. Ina da 'yan kayan aiki da mitar gwada wuta, amma ban taɓa kwance fulogi a injin da kansa alminiyam ne ba, kuma an tsorata ni da cewa zarensa yana saurin lalacewa. Saboda haka nake neman shawarar waɗanda suka san aikin. Shin fulogin ne ke jawo fizgar, ko wayoyin, ko kuwa koyil, watau na'urar da ke ƙara ƙarfin wuta ta tura wa fulogi? Wane fulogi ya dace da wannan injin, kuma ya kamata in ƙara kuɗi in sayi na iridiyam? Yaya zan yi da man da ya taru a ramin kafin in kwance? Sannan da wane ƙarfi ake ɗaure sabon fulogin? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Makanike, Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanena. Yadda ka bayyana matsalar ya riga ya nuna inda take. Injin da ke tsinkewa idan an taka totur a babbar giya yana tafiya a hankali, ya kuma fi yin haka idan akwai danshi a iska, kusan kullum wuta ce ke zurarewa kafin ta kai bakin fulogi. Dalilin shi ne, a lokacin da ka buɗe totur silinda tana cika da iska da fetur, matsi yana ƙaruwa a cikinta, kuma gwargwadon ƙaruwar matsin haka tartsatsi yake bukatar ƙarfin wuta kafin ya tsallaka tazarar bakin fulogin. Idan robar waya ta tsufa ta tsage, ko mai ya jiƙa ta, wutar za ta sami hanya mafi sauƙi ta faɗa jikin injin, silindar nan kuwa ba za ta kama ba. Wannan ƙirar ta MX-5, daga 1989 zuwa 1997, an san ta da cin wayoyin fulogi, domin suna kwance ne a kwarin da ke tsakiyar murfin injin, inda zafi yake gasa su dare da rana. Don haka ka canza fulogi da wayoyi tare, kada ka raba su.

Aikin ba shi da wuya, domin injin a miƙe yake daga gaba zuwa baya kuma fulogi huɗun duk a sama suke a jere, na ɗaya kusa da lagireto, na huɗu kusa da gilashin gaba. Abin da yake bukatar natsuwa shi ne zaren. Gangar injin ƙarfe ce, amma kan silinda alminiyam ne, wanda ya fi ƙarfen fulogi taushi nesa ba kusa ba. Sharaɗi na farko shi ne injin ya huce sarai. Ka bar motar ta kwana, ka yi aikin da safe kafin ka tayar da ita, domin alminiyam mai zafi yana iya biyo fulogi ya fito da zarensa. Ka zare makulli, sannan ka cire wayar batir ta gefen baƙi. Batirin wannan mota a but yake, ba a ƙarƙashin bonet ba.

Za ka bukaci soket na fulogi mai milimita 16, irin mai roba ko maganaɗisu a ciki, da doguwar sanda, saboda ramin yana da zurfi. Wajen cire waya, kada ka ja ta daga tsakiya. Ka kama kan robar da ke rufe ramin, ka murza ta hagu da dama har ta saki, sannan ka ja ta sama a miƙe.

Yanzu ga batun man nan, wanda shi ne ya fi muhimmanci a cikin tambayoyinka. Kada ka kwance fulogi alhali mai yana kwance a gindinsa, domin duk abin da ke cikin ramin, mai da ƙura da yashin da iskar hunturu ta tara, cikin silinda zai gangara da zarar fulogin ya fita. Man kaɗai ba zai kashe injin ba, hayaƙi zai yi ya ƙone, amma yashi yana karce bangon silinda kuma yana maƙalewa a zare. Ka nemi sirinji babba a kyamis, ka sa masa siririn tiyo ka zuƙe man, sannan ka naɗa tsumma mai tsabta a jikin siririyar sanda ka goge kewayen fulogin. Bayan haka ka hura ramin da iska, ko da famfon keke ne aka sa wa tiyo. Ka sassauta fulogin kamar rabin zagaye, ka sake hurawa domin dattin da ya ɓamɓaro daga gindinsa ya fita, sannan ka ƙarasa kwancewa. Idan ka ji ya cije bayan ya fara juyawa, kada ka yi masa ƙarfi. Ka mayar da shi kaɗan, ka ɗiga man sassauta tsatsa, ka jira, ka riƙa kai shi gaba da baya a hankali har ya saki.

Idan sun fito, ka jera su bisa lambar silindarsu ka dube su da kyau. Bakin da ya yi ruwan toka ko ruwan ƙasa mai haske lafiya yake. Wanda ya yi baƙi da busasshen gawayi yana nuna fetur ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Idan mai yana a saman fulogin ne kawai, wajen farin tangaran da zare, to daga sama ya zubo, watau gasket na murfin injin ne ya gaji. Idan kuwa bakin da ke cikin silinda ne ya jiƙe da mai ya yi kauri, wannan wata magana ce daban da ta shafi ringi ko robar bawul. Ka kuma duba farin tangaran ko akwai siririn baƙin layi da ya sauko a jikinsa kamar an ja da fensir, wanda ba ya goguwa. Wannan sawun wutar da ke zurarewa ce, kuma idan ka gan shi to robar wayar ma tana da irinsa a cikinta, shi ya sa sabon fulogi da tsohuwar waya ba sa daɗewa tare.

Wajen sa sabo, ka cire hannun sifana gaba ɗaya. Ka sa fulogin a soket, ka zura shi da sandar kawai, ka juya da yatsunka. Wasu suna cusa kan fulogin a guntun tiyo su juya da shi, domin idan zare ya hau a karkace tiyon zai zame kafin a yi ɓarna. Ya kamata ya shiga salin alin har ya zauna. Idan ya tsaya bayan zagaye ɗaya ko biyu, ka fito da shi ka sake farawa. Littafin gyara na Mazda ya ba da ƙarfin ɗauri na 15 zuwa 22 Nm (newton-mita, ma'aunin ƙarfin ɗauri), wanda ba shi da yawa ko kaɗan. Idan ba ka da sifana mai auna ƙarfi, bayan ya zauna da hannu ka ƙara kamar rabin zagaye, za ka ji zoben gindinsa yana lotsewa sannan ya tsaya, nan za ka dakata. Wannan na sabon fulogi ne. Wanda aka taɓa ɗaurawa zobensa ya riga ya lotse, ɗan motsi kaɗan ya ishe shi. Ni dai nakan shafa ɗan man hana cijewa a zaren kafin in sa, saboda mai kwancewa a gaba.

Injiniyar Lantarki, Abuja

Baba ya yi bayanin aikin hannu yadda ya kamata, ni zan ƙara ne a ɓangaren wuta, domin tsarin wannan injin yana da wani abu da yake amsa tambayarka ta iridiyam.

Motarka ba ta da distiributa, watau na'urar da ke rarraba wuta ga fulogi ɗaya bayan ɗaya. Tana da koyil biyu haɗe a bayan injin, kuma kowanne yana ba silinda biyu wuta a lokaci guda: ɗaya na silinda ta 1 da ta 4, ɗayan na ta 2 da ta 3. Jerin kamawar injin 1-3-4-2 ne, saboda haka duk lokacin da koyil ya saki wuta, silinda ɗaya tana kan matsi tana jiran tartsatsi, abokiyarta kuwa tana fitar da hayaƙi, tartsatsinta a banza yake tafiya. Abu biyu ne ke biyo bayan wannan. Na farko, kowane fulogi yana yin tartsatsi ninki biyu na abin da zai yi a injin da kowace silinda take da koyil nata, kuma wayoyin ma haka. Na biyu, fulogi biyun suna kan da'ira ɗaya ce, don haka a ɗayansu wuta tana tashi daga tsinken tsakiya zuwa na gefe, a ɗayan kuma daga na gefe zuwa na tsakiya. Wanda wutarsa take a juye, tsinken gefensa ne yake cinyewa. Fulogin da aka sa wa iridiyam ko filatinam a tsinken tsakiya kaɗai ba zai ba ka tsawon ran da ka biya kuɗinsa ba a silinda biyu daga cikin huɗu. A ganina, tunda fulogin wannan mota a fili suke kuma canza su ba ya cin lokaci, gara ka sayi na gama-gari mai kyau ka riƙa canzawa a kan kari. Fulogin kamfanin NGK masu lamba BKR5E-11 da BKR6E-11 duka ana sa su a injin 1.8. A lissafin NGK, lamba mafi girma tana nufin fulogin ya fi saurin sauke zafi, don haka a zafin Kano, kuma idan kana ba motar wuta a babban titi, mai lamba 6 ɗin ya fi kwantar mini da hankali. Lamba 11 ta ƙarshe tana nufin tazarar milimita 1.1, wadda ta yi daidai da 1.0 zuwa 1.1 da injin yake so. Duk da haka ka auna kowanne kafin ka sa, domin faɗuwar kwali ɗaya tana iya matse bakin.

Game da wayoyi, ka canza su ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗauki hoton bayan injin kafin ka taɓa komai, ka cire tsohuwar waya guda, ka zaɓi sabuwar da tsawonta ya yi daidai da ita, ka bi da ita ta hanyar da waccan ta bi, ka maƙala ta a maƙalanta domin kada ta kwanta a kan ƙarfe ko ta goga da 'yar'uwarta. A wajen koyil wurin yana da matsi kuma ba a gani sosai, sai ka danna har ka ji ta zauna. A wajen fulogi ma za ka ji ɗan ƙas idan ƙarfen ciki ya kama. Ɗan man silikon na lantarki a cikin bakin robar yana hana danshi shiga, yana kuma hana robar mannewa da tangaran, amma a jikin robar ake shafa shi, ba a cika ƙarfen da shi ba.

Tunda kana da mita, ka sa ta a ma'aunin ohm ka gwada tsofaffin daga baki zuwa baki. Lafiyayyar waya takan nuna 'yan dubbai, kuma doguwa ta fi gajeriya. Ka lanƙwasa ta a hankali kana kallon mitar. Idan lambar tana tsalle ko ta ɓace, wayar ta karye a ciki. Sai dai mita ba ta ganin tsagewar roba, don haka waya tana iya cin wannan gwaji alhali tana zubar da wuta. Gwajin wannan shi ne a tayar da injin cikin duhu a fesa wa wayoyin ruwa kaɗan da abin feshi, a tsaya nesa a duba ko za a ga shuɗin tartsatsi yana tsalle. Kada hannu ya taɓa su a lokacin, domin wutar tana kai dubban volt masu yawa.

Gargaɗi na ƙarshe ya shafi koyil ɗin kansa, wanda ya fi fulogi da wayoyi tsada kuma ya fi su wuyar samu. Kada ka murza injin alhali wata waya ba ta haɗe da fulogi, kuma kada ka bari wani ya gwada wuta ta hanyar zare waya injin yana aiki, domin wutar da ta rasa mafita cikin koyil take komawa. Haka nan kada ka bar makulli a kunne injin yana kashe na tsawon lokaci. Kuma ka rage hawan motar kafin ka gyara, saboda fetur ɗin da bai ƙone ba yana wucewa cikin salansa ya ƙone a tukunyar tace hayaƙi har ya narkar da cikinta.

Mai Kayan Gyara, Ƙofar Ruwa

Malam, ina da magana biyu. Ta farko, da girmamawa ga Baba, ban goyi bayan shafa man hana cijewa ba. Kamfanin NGK da kansa yana hana yin haka a fuloginsa masu farin zare, domin an riga an yi musu rufin da ke hana tsatsa da cijewa. Idan aka ƙara mai, zaren yana yin santsi, sai mutum ya ɗaure fiye da ƙima alhali sifana tana nuna masa daidai, kuma a kan alminiyam wannan shi ne haɗarin da ake gudu tun farko. A busasshen zare mai tsabta za ka sa shi.

Ta biyu ita ce jabu, wanda ya cika kasuwa, musamman na iridiyam, kuma wannan ma wani dalili ne na bin shawarar Injiniya. Idan ka je saye, ka fito da fulogin daga kwali ka riƙe shi a hannu. Ka dubi rubutun jikin tangaran ko ya fita tsaf ko ya dushe, ka ja zoben gindinsa ka ga ko yana zamewa ya fita cikin sauƙi, ka dubi zaren ko sumul yake ko yana da kaushi, sannan ka jera huɗun ka ga ko tsinken gefe yana tsaye daidai a kan na tsakiya a dukansu. Farashin da ya yi ƙasa sosai da na sauran shaguna shi ma alama ce. Wayoyin kuwa da wuya ka same su a ajiye, don haka ka ba da lambar shasin motar a yi maka oda, kada ka yarda a harhaɗa maka na wata mota, saboda robar bakinsu doguwa ce kuma dole ta rufe ramin ruf.

Mai Miata, Kano

Na gode ƙwarai, Baba, da Injiniya, da Alhaji. Kayan sun iso kuma na yi aikin yadda kuka tsara, da sanyin safiya, na sa fulogin a busasshen zare. Dukansu sun shiga da yatsu ba tare da gardama ba. Bakin tsofaffin ruwan ƙasa ne kuma a bushe, man duk a sama yake, sai dai tazararsu ta buɗe sosai, kuma na huɗun yana da baƙin layin nan a jikin tangaran kamar yadda Baba ya faɗa. Wayarsa ma lambarta tana ɓacewa a mita idan na lanƙwasa ta. Na fita da motar titin Zariya na gwada ta a giya ta biyar, fizgar ta tafi gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne man da ke zuba. Shin gasket ɗin aiki ne da zan iya yi da kaina, kuma zai iya jira zuwa bayan damina?

Tsohon Makanike, Kaduna

Madalla, ƙanena. Maganar Alhaji a kan man zare daidai ce ga irin wannan fulogin, kuma ka yi kyau da ka bi ta. Gasket ɗin kuwa kada ka bar shi ya jira, domin man zai sake taruwa ya kumbura robar sababbin wayoyin da ka sha wahalar samowa. Wanda ya iya abin da ka yi zai iya wannan.

Za ka cire wayoyin, da tiyo biyu na numfashin injin da ke jikin murfin, da kusoshin da suka riƙe koyil a bayansa, sannan kusoshin murfin kansa. Idan ya manne, ka bubbuga shi da tafin hannu ko gudumar roba, kada ka cusa sukundireba a tsakani, domin tabo ɗaya a fuskar alminiyam ya isa ya sa mai ya riƙa zuba har abada. Ka goge fuskokin biyu tas su bushe, ka zaunar da sabon gasket a kwarinsa na jikin murfi, ka ɗiga ɗan silikon a kusurwoyin da gasket yake hawa tudun marikin kamshaf, nan kawai, ba a shafe shi duka ba. Kusoshin ƙanana ne, ƙarfinsu bai wuce 5 zuwa 9 Nm ba, kuma daga tsakiya ake fara ɗaurawa a fita waje, a zagaye biyu ko uku.

Tunda murfin zai tashi, saman bel ɗin taimin zai bayyana a gaba, sai ka dube shi ko ya fara tsattsagewa ko mai ya taɓa shi, domin a wajen mil 60,000 ake canza shi. Ka kuma shafa hannunka a bayan injin ta gefen salansa, ƙarƙashin na'urar da ke karanta juyawar kamshaf. Tana da zoben roba da yake bushewa ya riƙa ɗigar da mai a kan tiyon ruwan hita da ke ƙasanta, har tiyon ya yi laushi ya fashe a hanya. Idan ka ji wurin a jiƙe, ka haɗa zoben a cikin odar gasket ɗin, amma kafin ka kwance na'urar ka yi mata alama da jikin marikinta, saboda matsayinta ne yake saita lokacin wuta, kuma dole ta koma daidai inda take.